HIFU

HIFU hanya ce ta ƙone ƙari a cikin jiki ba tare da an yanka fata ba. Na'urar tana tattara sauti mai ƙarfi, wanda kunne ba ya ji, a wuri ɗaya, har zafin wurin ya haura digiri 60, ƙarin ya mutu. Ana amfani da ita wajen maganin ƙarin mahaifa da sankarar hanta. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita don ƙarin mahaifa a shekarar 2004.

Haɗari

Yawancin haɗarin yana kan hanyar da sautin ke bi kafin ya kai ga ƙarin. Ƙasusuwan haƙarƙari suna ɗaukar zafi, fata ta ƙone. Iskar cikin hanji tana tare sautin, har hanjin yana iya hujewa. Hanta kuma tana motsi da numfashi, don haka saiti yana iya kaucewa.

Kariya

Kafin aiki ana aske wurin, a wanke hanji. Likita yana bibiyar aikin ta hoton MRI ko sikanin.