Kwalarar 1970 da Wutsiyar Ƙwayar Cuta

Unguwar Kodjoviakopé tana bakin teku a yammacin Lome, daura da garin Aflao na ƙasar Gana. Wannan gaɓar teku, wadda masunta da fatake suka daɗe suna bi, ita ce hanyar da kwalara ta ratsa a 1970. Annobar ta faro daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya a 1961, ta sauka Gini a watan Agusta na 1970, kafin shekarar ta ƙare ta kai Gana da Togo da Najeriya. Hausawa sun san ta da alamominta guda biyu, amai da gudawa.

Mutane ne suka ɗauke ta daga gari zuwa gari, amma a cikin hanji ƙwayar da kanta take tafiya. Filippo Pacini ya gan ta a birnin Florence a 1854, sannan Robert Koch ya ware ta a Kalkata a 1884. Lanƙwasasshiya ce kamar waƙafi, da wutsiya ɗaya a ƙarshenta. An daɗe ana zaton irin wannan wutsiya kaɗawa take yi kamar bulala, sai a 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa juyawa take yi kamar farfela.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙwayoyin gado ne ke sarrafa wannan motsi. Ana ƙera wutsiyar mataki-mataki, kuma furotin mai suna FlrA shi ne ke ba da umarnin farko. Da ita ƙwayar take huda yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji. Idan ta isa, sai ta manne, ta saki gubar da ke tsiyaye ruwan jikin majinyaci. Idan ƙwayoyin suka yi yawa, sukan gane haka ta sinadaran da suke fitarwa, sai wani furotin, HapR, ya rage gubar, su saki bangon su bi bayan gida su fice.

Daga nan sai su jira a kai su ga ruwan sha. A ƙasa mai rairayi irin ta Lome, inda rijiya ba ta da zurfi, tazarar da ke tsakanin masai da rijiya ita ke raba gidan da zai tsira da wanda zai yi makoki.