Cibiyar Matasa ta Kyautar Abinci ta Duniya

Cibiyar Matasa ta Kyautar Abinci ta Duniya, wadda aka fi sani da Global Youth Institute, shiri ne na ilimi da ke haɗa ɗaliban makarantun sakandare domin su yi nazari kan matsalar yunwa da ƙarancin abinci a duniya. Gidauniyar Kyautar Abinci ta Duniya ce ke gudanar da shi a birnin Des Moines na jihar Iowa a Amurka. Ana yin babban taronsa kowace shekara a watan Oktoba, a makon da ake miƙa kyautar, kusa da Ranar Abinci ta Duniya ta 16 ga watan.

Tarihi

Norman Borlaug, masanin kimiyyar noma da aka haifa a Iowa a 1914, shi ne ya kafa Kyautar Abinci ta Duniya a 1986. Kafin nan ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1970 saboda irin alkama mai yawan yabanya da ya samar a Meksiko, wanda ya ƙara yawan amfanin gona a Indiya da Pakistan. A 1990 wani ɗan kasuwar Des Moines mai suna John Ruan ya ɗauki nauyin kyautar.

A 1994 mutanen biyu suka ɓullo da shirin matasa. Manufarsu ita ce a ja hankalin ɗalibai zuwa ga kimiyyar noma da abinci tun kafin su zaɓi fannin da za su karanta a jami'a. Shirin ya fara da makarantun Iowa, daga baya ya bazu zuwa wasu jihohin Amurka da wasu ƙasashe. Borlaug ya rasu a 2009.

Yadda ake shiga

Takardar bincike ita ce ginshiƙin shirin. Ɗalibi yakan zaɓi wata ƙasa da ba tasa ba, sannan ya ɗauki matsala guda da ke hana mutanenta samun isasshen abinci. Matsalar na iya zama ƙarancin ruwa, sauyin yanayi, cututtukan tsirrai da dabbobi, tamowa, rikici, ko lalacewar amfanin gona bayan girbi. A ƙarƙashin kulawar malami, zai rubuta 'yan shafuka inda zai bayyana yadda iyali ke rayuwa a ƙasar: abin da suke ci, abin da suke nomawa, da yadda suke samun makaranta da asibiti. Daga nan zai kawo mafita, ya faɗi wanda ya kamata ya aiwatar da ita da kuma inda kuɗin aikin zai fito.

Wannan tsari yana hana ɗalibi tsayawa kan tausayi kawai. Dole ya gano musabbabin yunwa a wuri takamaimai, domin abin da ke jawo ta a yankin da fari ya addaba daban yake da na yankin da yaƙi ya raba manoma da gonakinsu.

Ana fara gabatar da takardun a tarukan jihohi, waɗanda jami'o'i irin su Jami'ar Jihar Iowa da Purdue da Cornell ke karɓar baƙuncinsu. A wajen Amurka, Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan tana shirya irin wannan taro. Ɗaliban da suka gabatar da takarda ana ba su laƙabin Borlaug Scholar, kuma daga cikinsu ake zaɓar wakilan da za su je Des Moines.

Taron Des Moines

Taron ɗaliban yana zuwa daidai da babban taron masana da ake kira Borlaug Dialogue, wanda ke tara masana kimiyya da ministocin noma da shugabannin ƙungiyoyin agaji. Ana raba ɗaliban ƙananan rukunoni, kowa ya gabatar da bincikensa a gaban takwarorinsa da masana, a yi masa tambayoyi ya amsa. Sukan ziyarci wuraren bincike, su kuma taimaka wajen ƙulla kayan abinci domin mabuƙata.

Horon bincike

A 1998 aka fara shirin horo na Borlaug-Ruan, wanda ke tura zaɓaɓɓun ɗalibai su yi makonni 8 suna aiki tare da masana a cibiyoyin bincike na ƙasashen waje. Daga cikin wuraren da suka karɓi ɗaliban akwai cibiyar inganta masara da alkama ta CIMMYT a Meksiko, cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin, da cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE a Kenya. Akwai kuma shirin Wallace-Carver, na haɗin gwiwa da Ma'aikatar Noma ta Amurka, da ke ba ɗaliban jami'a damar aiki a ɗakunan bincike da ofisoshin ma'aikatar. An sa masa sunan Henry A. Wallace, tsohon sakataren noma, da George Washington Carver, baƙar fata masanin tsirrai da ya yi karatu a Iowa.

Alaƙa da Afirka

'Yan Afirka da dama sun samu kyautar da shirin ke ƙarƙashinta. Monty Jones na Saliyo ya samu a 2004 saboda shinkafar NERICA. Gebisa Ejeta na Habasha ya samu a 2009 saboda irin dawa mai jure fari da ciyawar wuta-wuta, wadda manoman dawa da gero suka daɗe suna fama da ita. Akinwumi Adesina, tsohon ministan noma na Najeriya, ya samu a 2017 lokacin yana shugaban Bankin Raya Afirka, kuma ya yi alƙawarin sanya kuɗin kyautar, dala 250,000, wajen tallafa wa matasan Afirka a harkar noma.

Muhimmanci

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023, kuma a Afirka mutum 1 ne cikin 5. Hakan ya nuna akwai sauran jan aiki kafin a cimma muradi na 2 na ci gaba mai ɗorewa, wato kawar da yunwa nan da 2030. Ɗaliban da ke sakandare a yau su ne za su riƙe gonaki da ɗakunan bincike da ma'aikatun noma bayan wannan wa'adi, shi ya sa shirin ya mayar da hankali a kansu.