Tarihin Karatun 'Yan Arewa a Birnin Landan

  

Waɗanda suka halarci taronmu na shekara za su tuna da muhawarar da aka tafka a kan asusun tallafin karatu, inda wasu suka kawo shawarar ƙungiya ta riƙa ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu daga makarantarmu zuwa Ingila. Ban ce uffan ba a wurin, domin maganar ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake ba kowa. Da aka tashi sai Edita ya tare ni, ya ce tun da na yi shekara uku ina karatu a Landan, daga 1981 zuwa 1984, kuma tarihi na koyar har na yi ritaya, to in rubuta abin da na sani. Abin da zan bi a wannan tarihi tambayoyi ne guda biyu: wa ya biya kuɗin, kuma me aka kawo gida?

In za a fara daga tushe, sai a fara da Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa, daga bisani aka 'yanta shi a Barno. Shi ne ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka ƙetare Sahara har suka isa Landan a 1855. Abin sha'awa shi ne koyarwa ya fi yi a can. Ya zauna da wani Bature ɗan mishan mai suna Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, kuma da yawa daga cikinsu suna cikin littafin Magana Hausa da aka buga a 1885. Dorugu ya komo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Ta fuskar karatun jami'a kuwa, 'yan'uwanmu na Kudu da na Gana da Saliyo sun riga mu nesa ba kusa ba. Tun a 1925 wani ɗalibin lauya, Ladipo Solanke, da abokansa suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wato WASU, a Landan. Babbar matsalarsu ita ce wurin kwana, domin masu gidajen haya da yawa ba su ba baƙar fata ɗaki. Saboda haka suka tara kuɗi daga sarakuna da 'yan kasuwa na gida, suka buɗe gidan kwanan ɗalibai a titin Camden a 1933. Mu kuwa a lokacin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa. Ko da Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, cikin tawagar 'yan jarida ya je ziyara, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Ƙofa ta buɗe mana sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 gwamnati ta tura wasu malaman makaranta na Arewa zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahu. Kwas ɗin na shekara ɗaya ne kacal, gwamnati ce ta biya komai, kuma kowa ya san aikin da zai koma wa. Amma ku dubi abin da shekara ɗayan nan ta haifar. Sun tarar da Ingila wadda yaƙi ya ragargaza, ana raba abinci da kati, sun ga Bature yana share titi yana ɗaukar kaya, sun kuma ga talakawa sun sauke Churchill da ƙuri'a a 1945 duk da shi ya jagorance su suka ci yaƙi. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai sake kallon Di'o yadda yake kallonsa a da ba.

Malam Aminu tun yana can ya fara shirya ƙungiyar malaman Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948, daga baya ya zama jagoran jam'iyyar NEPU. Malam Abubakar kuma a watan Agusta na 1950 ya gabatar da ƙudurin nan a Majalisar Arewa yana neman a gyara tsarin mulkin En'e, abin da ya girgiza sarakuna da Turawa baki ɗaya. A 1957 ya koma Landan wajen taron tsarin mulki, a shekarar kuma ya zama Firayim Minista. Wannan shekara dai ita ce Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri, ranar 13 ga Maris, kuma ginin Bush House ya zama mahaɗar Hausawan Landan har zuwa 2012 da BBC ta tashi daga cikinsa.

To, sai dai sha'anin kuɗi ya yi ta sauyawa. Kafin 1967 ɗan ƙasa da baƙo kuɗin makaranta ɗaya suke biya a Ingila. A shekarar ne aka fara bambanta su. Sannan gwamnatin Margaret Thatcher ta janye tallafi gaba ɗaya daga 1980, ta ce baƙo ya biya cikakken kuɗi: aƙalla fam 2,000 a shekara ga masu karatun adabi da tarihi, fam 3,000 ga masu kimiyya, fam 5,000 ga ɗaliban likita da suka kai matakin asibiti. Mu a gida ba mu damu ba, domin kuɗin mai na shigowa, naira ma ta fi dalar Amurka daraja.

A cikin wannan hali na sauka Landan a watan Satumba na 1981, da tallafin wata hukuma ta gwamnati, domin yin digiri na biyu da bincike a kan tarihi a ɗaya daga cikin kwalejojin Jami'ar Landan. Na sami ɗan ɗaki a saman bene a arewacin birnin, mai murhun gas wanda sai ka jefa sulen kwabo 50 a mita yake kamawa. A Disambar shekarar aka yi dusar ƙanƙara irin wadda su kansu Turawa suka daɗe ba su gani ba. Na tuna sanyin hunturu da muke kuka da shi a ɗakin kwana na makaranta, ana kaɗa mana ƙararrawar asuba mu fita wanka, na ce ashe wasa muke yi. Azumi kuma a tsakiyar bazararsu ya riƙa faɗowa, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare. Ranar Juma'a mukan haɗu a babban masallacin Regent's Park, Asabar kuma mu gangara kasuwar Brixton neman kuɓewa da manja da doya.

Karatun kansa ba ni da abin cewa sai godiya. Kwana uku a mako nakan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Kew, inda ake adana takardun gwamnatin Ingila. A nan na riƙe rahotannin da Lugga ya aika game da cin Kano da Sakkwato a 1903, da na yaƙin Satiru a 1906. Abin da malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, ya karanta mana a aji uku, ga shi a hannuna da tawadar waɗanda suka aikata. Gani ya kori ji. A ɗakin karatu na SOAS kuma na tarar da littattafan Hausa da ban taɓa gani a gida ba.

Ana cikin haka farashin mai ya faɗi. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, wadda jama'a suka riƙa kira ostariti, fitar da kuɗi waje ya zama jidali. Alawus ɗinmu da ke zuwa duk wata uku ya fara makara, daga nan ya ɗauke ɗif. Na yi wata bakwai ban ga ko kwabo ba. Mu rubuta wasiƙa, a ce takardunmu suna kan tebur. Kuɗin makaranta ya taru, mai gida kuma tana ƙwanƙwasa ƙofa duk ranar Juma'a. Ni da na bar gida ina mataimakin shugaban makaranta, sai ga ni ina wanke kwanuka a wani gidan abinci daga ƙarfe shida na yamma zuwa sha biyun dare, in kuma tashi da safe in tafi Kew.

Abin da ya cece mu shi ne abin da ya ceci su Solanke. Mu tara ne 'yan Arewa da muka saba, har da wani Bazabarme ɗan Nijar da wani Bahaushen Kumasi. Muka kafa adashi, kowa ya zuba fam 5 a mako, wanda aka fi matsa wa shi ke ɗauka ko da ba zagayensa ba ne. Muka koma girki tukunya ɗaya. Wanda aka kora daga ɗaki ya shimfiɗa bargo a ƙasan ɗakin ɗan'uwansa. Wani dattijo ma'aikaci da ya daɗe a birnin ya ranta mini kuɗin zangon ƙarshe ba tare da takarda ba, ban gama biyansa ba sai bayan shekara biyu da komowata.

Cikin mu taran, bakwai muka gama. Ɗaya ya koma gida hannu wofi. Ɗayan kuwa ɗan makarantarmu ne, yana aji ɗaya a bayanmu, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa. Injiniya yake karantawa, kuɗinsa ya fi namu yawa, adashinmu bai iya ɗaukarsa ba. Ya dakatar da karatu da niyyar ya yi aikin shekara ɗaya ya tara. Shekara ɗaya ta zama biyar, biyar ta zama ashirin. Kunyar komowa ba takarda ta hana shi zuwa ko jana'izar mahaifinsa, alhali da kaɗe-kaɗe aka raka shi filin jirgi. A can ya rasu, a can aka binne shi. Ba zan ambaci sunansa ba saboda iyalinsa, waɗanda suka san shi sun gane. Allah ya gafarta masa.

Na komo a watan Satumba na 1984, wata biyu bayan yunƙurin sace Alhaji Umaru Dikko a cikin akwati, lokacin da riƙe fasfo ɗin Nijeriya a Landan ya zama abin ɗari-ɗari. Waɗanda suka zo bayanmu sun fi mu shan wuya, domin a 1986 aka karya darajar naira. Tarihin kuma ya sake maimaita kansa a 2023 da aka saki naira ga kasuwa, har fam ɗaya ya haura naira 1,500 a 2024, yara da yawa da iyayensu suka sayar da gida ko gona suka rasa yadda za su cika kuɗin makaranta. Daga Janairun 2024 kuma Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu.

Saboda haka ga shawarata ga kwamitin asusu. Na farko, kada mu tura yaro sai kuɗin karatunsa da na zamansa, tun daga ranar farko har ta ƙarshe, suna ajiye cikin fam, ba cikin naira ba, ba kuma cikin alkawarin wani mai hali ba. Na biyu, mu tura wanda ya riga ya yi digirin farko a gida, yana da aikin da zai koma wa, kamar yadda aka yi wa malaman 1945. Na uku, mu haɗa shi da 'yan ƙungiyarmu da ke zaune a can tun kafin ya tashi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, mu gaya masa a gaban iyayensa cewa in abu ya ƙi, ya dawo, ba wanda zai yi masa dariya. In kuwa asusun bai kai ba, kuɗin da za a kashe wa mutum ɗaya a Landan zai ɗauki yara da dama a jami'o'inmu na gida, ya kuma gyara ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu da rufinsa ke yoyo.

Ina roƙon sauran 'yan'uwa da suka yi karatu a Masko da Alƙahira da Sofiya da sauran wurare su ma su rubuto nasu, domin kwamiti ya ji daga kowane ɓangare kafin taro mai zuwa. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya bar zumunci. Wassalam.