Bayani kan gyaran ƙafafun tsofaffin tankokin yaƙi

Duk tankar yaƙi, komai kaurin sulkenta da girman igwarta, a kan ƙafafunta take dogara. Idan sarƙa ta tsinke ko ƙafa guda ta ƙi juyawa a fagen daga, to tankar ta tsaya ke nan, kuma sojojin da ke cikinta sun shiga haɗari.

Wannan batu ya shafi Najeriya ƙwarai, domin da yawa daga cikin tankokin da rundunar sojan ƙasar ta shiga yaƙin Boko Haram da su tsofaffi ne. Akwai samfurin Vickers Mk 3 na Birtaniya, wanda aka fara odarsa a 1981, da ƙaramar tankar Scorpion, ita ma ta Birtaniya, da kuma T-55 ta tsohuwar Tarayyar Soviet. Sai a 2014 da 2015 aka sayo T-72, sannan VT-4 ta iso daga China a 2020.

Daga gona zuwa fagen daga

Mutumin Kunci ko Ɓagwai da ya taɓa tsayawa kallon katafila tana aikin hanya, ya riga ya ga tushen lamarin. Ita kanta kalmar katafila daga sunan kamfanin Caterpillar na Amurka ta samo asali, kuma tun farko domin noma aka ƙera irin wannan tarakta mai tafiya kan sarƙa, saboda kada ta nutse a ƙasa mai laushi.

Daga nan ne Turawan Ingila suka ari dabarar a yaƙin duniya na ɗaya. Tankokin farko da suka shiga fagen daga a Faransa a watan Satumban 1916 ba su da sifirin ko kaɗan, saboda haka duk ramin da suka faɗa a jikin sojoji yake ƙarewa.

Yadda abin yake aiki

Sarƙa dai hanya ce da tanka ke shimfiɗa wa kanta, tana takawa tana naɗewa. Akwai ƙafa mai haƙora wadda inji ke juyawa, ita ke jan sarƙar. A ɗaya ƙarshen kuma akwai ƙafar da ake matsawa gaba ko baya domin ɗaure sarƙar ko sassauta ta. A tsakani ne ƙafafun ɗaukar nauyi suke.

Vickers Mk 3, mai nauyin kusan tan 40, tana da irin waɗannan ƙafafu shida a kowane gefe. T-55 da Scorpion kuwa biyar-biyar gare su.

Dukkan ukun ba sa amfani da sifirin irin na mota. Kowace ƙafa tana maƙale ne da wani hannu na ƙarfe, shi kuma hannun yana haɗe da doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa ƙasan tankar daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ƙafa ta hau dutse sai sandar ta murɗe, idan ta sauka sai ta warware, kamar yadda ake murɗa jiƙaƙƙen zane.

Aikin gyara

Matakin farko shi ne raba sarƙa. Ana fitar da ƙusa guda daga cikin ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta, a shimfiɗa ta ƙasa, sannan a ɗaga tankar a tokare ta. A tankar da ta shekara ashirin a ajiye, wannan ƙusa ɗaya na iya cinye yini, domin tsatsa ta riga ta haɗe ta da gaɓar. Makanikai kan jiƙa ta da mai, su gasa ta da wuta, su bi ta da guduma.

Sandunan murɗawa su ne suka fi buƙatar hattara. Tun a masana'anta ake murɗa kowace sanda ta fuska guda, don haka ta dama ba ta aiki a hagu, kuma wajibi ne a yi wa kowace alama kafin a zare ta. Ɗan ƙarzane ko ramin tsatsa a jikinta ya isa ya zama mafarin tsagewa, sai wata rana ta karye ba zato. Ba a yi mata walda. Wadda ta lalace sai dai a sauya ta, wadda kuma ta gaji za a gane ta tun daga nesa, domin tankar kan karkata ta wajen. Wajen mayarwa ma, idan aka kuskure haƙori ɗaya a mahaɗar sandar da hannun, wata ƙafar za ta ɗauki nauyin da ya fi nata.

Sai kuma robar da ke kewaye da ƙafafun. Wannan ba taya ba ce da ake hura wa iska, dunƙulalliyar roba ce da aka manna wa ƙarfen da zafi. Rana da daɗewa kan sa ta tsattsage ta riƙa ɓantarewa, kuma mai faci ba shi da abin yi a nan. Dole a kankare tsohuwar a zuba sabuwa a masana'anta, ko a nemo wata ƙafar.

Boris da robar da ke tare giris suna da sauƙin samu idan aka kwatanta. Amma a ƙasa mai yashi da ƙurar hunturu irin ta arewacin Najeriya, su ne ke fara mutuwa, domin da zarar yashi ya gauraya da giris sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa.

Haka yashin ke cin ƙusoshin sarƙa. Kowace ta ɗan zaizaye, amma idan aka tara zaizayar gaɓoɓi da dama sai sarƙar ta ƙara tsawo, ta daina zama daidai a kan haƙora, har ta kai ga zamewa a kwana. Akan cire gaɓa ɗaya a rage tsawon, sai dai wannan dabara tana da iyaka.

Wata matsalar da ba a cika ambata ba ita ce ta awo. Tsofaffin motocin Birtaniya da inci aka auna notinansu, na Soviet kuwa da milimita. Rundunar da ta tara samfura daga ƙasashe daban-daban sai ta tanadi sifanu da kayan gyara na kowanne. A Najeriya, irin wannan aiki yana hannun injiniyoyin soja, waɗanda ke da cibiyoyi a Rigachikun ta jihar Kaduna da kuma Bauchi, garin da makarantar sojojin sulke take.

Gidajen tarihi

Ba don yaƙi kaɗai ake farfaɗo da tankoki ba. A gidan tarihin tankoki na Bovington da ke Ingila, an kwashe shekaru ana gyaran wata tankar Jamus samfurin Tiger, mai lamba 131, wadda aka kama a Tunisiya a 1943, kafin ta sake tafiya da kanta a farkon shekarun 2000. Ƙafafun Tiger a cuɗe suke, wasu a bayan wasu, ta yadda kafin a kai ga ta ciki sai an kwance na waje da dama.

A Najeriya kuwa, gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia a jihar Abia yana ajiye da motocin sulken da dakarun Biyafara suka harhaɗa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda aka fi sani da Red Devil. Wasunsu an gina su ne a kan gangar jikin Universal Carrier, wata ƙaramar mota mai sarƙa ta zamanin yaƙin duniya na biyu, wadda aka ƙera fiye da 100,000 irinta.

Ita wannan ƙafafu uku gare ta a kowane gefe, kuma naɗaɗɗen sifirin take amfani da shi a maimakon sanda. Gyaranta ya fi sauƙi, tun da komai a waje yake inda hannu zai kai, amma sifirin ɗin a matse yake, kuma idan aka kwance shi ba tare da an fara ɗaure shi ba yana iya yin tsalle ya ji wa bakanike mummunan rauni.