Ruɗin Motsi Bayan Kallon Ruwa: Nazari Daga Fadamar Rima a Augie da Argungu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ƙwaƙwalwa ke gane motsi, ta amfani da wani ruɗin ido da ke samun mai kallon ruwa mai gudu. Matsayarta ita ce, ganin motsi aiki ne mai zaman kansa, dabam da ganin siffar abu ko wurin da yake.

Gabatarwa

Idan gulbi ya cika a Augie, mutum ya kafe idonsa kan wani turke a tsakiyar ruwa na kimanin minti ɗaya, sannan ya mai da kallonsa ga gaɓa, zai ga tana sulalewa zuwa inda ruwan ya fito. Gaɓar tana nan inda take, shi ma ya sani, amma motsin yake gani. Robert Addams ya bayyana wannan a 1834, bayan ya kalli magangarar ruwan Foyers a Sikotland.

Tushensa a jijiyoyi

A 1959 Hubel da Wiesel suka gano, a ƙwaƙwalwar kyanwa, ƙwayoyin jijiya masu amsawa sosai idan abu ya motsa zuwa wata fuska, amma ba kishiyarta ba. A 1963 Barlow da Hill suka nuna a idon zomo cewa irin wannan ƙwaya, in ta daɗe tana amsa motsi ɗaya, ƙarfinta na raguwa, kuma da motsin ya tsaya sai ta yi ƙasa da yadda ta saba. Ƙwaƙwalwa kuwa gwamawa take yi, kamar sikeli: ƙwayoyin da ke bin motsin ruwa sun yi sanyi, sai kishiyoyinsu su rinjaya. Akan kira wannan gajiya, amma a ganina sake daidaita ma'auni ya fi dacewa da shi.

Hujja mafi ƙarfi cewa ganin motsi aiki ne mai zaman kansa ta fito daga Jamus a 1983, inda Zihl da abokan aikinsa suka bayyana wata mata da wani sashen ƙwaƙwalwarta da ake kira V5 ya lalace ta ɓangarorin biyu. Tana ganin kofi da buta, amma shayin da take zubawa a daskare yake bayyana gare ta, tsallake titi kuma ya zame mata wahala. A 1995 Tootell ya nuna cewa wannan sashe na ci gaba da aiki yayin ruɗin, ko da abin kallon a tsaye yake.

Shawarar gwaji

A Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, dubban masunta kan faɗa ruwa da homa da gora, ruwan ya gurɓace. A irin wannan hali siffar kifi ba ta ganuwa, sai dai motsin da ya tayar a saman ruwa, a cikin wani motsin da ya fi shi yawa. Ana iya auna ko sabawar masunta da bin irin wannan motsi na sauya tsawon ruɗin: a ɗauki masunta da manoman shinkafa masu shekaru ɗaya daga Augie, a nuna musu zane mai motsi a allon waya na daƙiƙa 60, a tsayar da shi, sannan a rubuta daƙiƙoƙin da kowa ya ɗauka kafin ya ce motsin ya tsaya.