2.3 Kiran Annabi da Masu Mulki: Amos da Garrick Braide

Idan aka duba Tsohon Alkawari, za a ga cewa kiran annabi bai dogara ga muƙamin firist ba. Amos makiyayi ne daga Tekowa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, amma ya je Betel ya soki masu danne matalauta, har firist Amaziya ya kai ƙararsa wurin Sarki Yerobowam.

Irin wannan taƙaddama ta auku a yankin Neja Delta zamanin mulkin mallaka. Garrick Braide, mai wa'azi a cocin Anglikan, wanda mabiyansa suka laƙaba wa Iliya na Biyu, ya hana shan barasa, alhali harajinta babbar hanyar kuɗin shiga ce ga Turawa. Shugabannin cocin suka juya masa baya, gwamnati ta ɗaure shi a 1916, ya rasu a 1918.