Kalangu da Bege: Tsohuwar Sana'ar Waƙa a Ƙasar Matazu

A ƙasar Matazu da maƙwabciyarta Musawa, kaka ce ke buɗe kasuwar makaɗa. Sai an yanke dawa, an kai auduga ma'auna, kuɗi sun shiga aljihun manomi, sannan ake sa ranar aure. Tun da jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama cibiyar cinikin auduga, kuɗin nan kuwa su suka riƙe makaɗan yankin.

Kowane sha'ani da kiɗansa. Ranar gayya, mai gangar noma ke bin samari kunya-kunya yana kiran sunan wanda ya wuce sa'o'insa. Kalangu na mahauta ne tun asali, kafin 'yan mata su ja shi zuwa dandali. Maƙera na da dundufa. Tambari da kakaki kuwa sai sarki.

Waƙar addini gidanta daban. A watan Maulidi malamai da almajirai kan raba dare suna rera Ishiriniyar Alfazazi, mawaƙin da ya rasu a 1230, ba ganga ba kalangu. Makafi na bin ƙofofin gidaje da Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya. 'Yan Ƙadiriyya ne suka shigo da mandiri cikin zikiri, abin da Shehu Nasiru Kabara ya ƙarfafa a Kano. Wannan rabuwa tana da tushe, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki kiɗe-kiɗen da ba su da dalili a shari'a. Mai bege lada yake nema, a ba shi sadaka. Makaɗi kuwa maroƙi ake ce masa, a yi masa kari, amma ba kowa ke ba shi 'ya ba.

   

Wanda ya fi kowa taka iyakar nan a wannan yanki shi ne Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don ba gadon gidansu ba ce. Ya yi tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi, har abin ya fi ƙarfin wasa. Daga Musawa ya koma Bakori, ya yi zama a Kano, ya kafa gida a Funtuwa.

Shata mawaƙin sha'ani ne na gaske. Ba ya zama ya rubuta. A tsakiyar fili yake ƙera waƙa, 'yan amshi na riƙe masa gindinta, masu kalangu na bin muryarsa. Ya yi wa sarakuna, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da sojoji lokacin yaƙin basasa. Da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a 1969, kumbon Apollo 11 ma bai tsira ba. A waƙarsa Bakandamiya kuwa kansa ya wasa.

Da wannan kalangun dai, wanda malamai ke kauce wa, ya yi waƙar yabon Annabi, ta shiga gidajen da ba su saba buɗe wa makaɗi ƙofa ba. Rediyon Kaduna da faifan garmaho, daga baya kaset, su suka sauƙaƙa hakan: mutum na iya sauraro a ɗakinsa ba tare da an gan shi a filin wasa ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

Bayansa sana'ar ta sake kama. Galma ta ja baya a gaban garmar shanu da tarakta, gayya ta yi ƙaranci, gangar noma ta bi ta. Iyayen amarya yanzu kan aika sunayen ango da dangi zuwa situdiyo a Funtuwa ko Kano, a dawo musu da waƙa a waya. Sha'irai masu bege ma can suke zuwa, kuma sau da yawa fiyano ɗaya ce ke yi wa waƙar amarya da ƙasidar Maulidi kiɗa.